Giɓi Huɗu

Takardar ta zo ranar Talata,
ambulan mai ruwan ƙasa, irin wanda ba ya ɗauke da gaisuwa.
Na buɗe shi a tsaye, ruwan shayi na tafasa,
iskar teku na bugun taga kamar mai bin bashi.

Sunana a sama: Noreen Haxby, Grimsby.
A ƙasa an jera rayuwata layi-layi,
wannan shekara ta cika, waccan ma ta cika,
reras kamar haƙoran yaro,
sai kuma giɓi.
Huɗu na ƙirga. Na goge tabarau, na sake ƙirgawa.

Zubi talatin da biyar gwamnati ke nema
kafin ta ba tsohuwa fansho ba ragi.
Ni talatin da ɗaya na zuba,
yawancinsu a masana'antar kifi,
inda sanyi ya lanƙwasa mini yatsu
har yau ba sa miƙewa in nuna hanya.

Biyun farko na san inda suka faɗi.
Shagon ƙanin mijina, Wilf,
ina soya dankali har sha ɗayan dare,
ya danƙa mini lada a hannu, ba takarda, ba sa hannu,
ni kuwa ina murna ba a cire mini ko kwabo ba.
Ashe kaina nake yi wa sata.

Biyun ƙarshe na Mama ne.
Ta manta sunana, ta manta yadda ake haɗiye ruwa,
ni na riƙe cokali, ni na juya ta kan gado,
ni na wanke zanen da ba a faɗa wa maƙwabta.
An ce akwai fom ɗin da zan cike a lissafa mini su.
Wa ya gaya mini?
Mai jinya ba ta karanta komai sai kwalbar magani.
Takarda ta ce waɗannan shekaru fanko ne.
Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai su nauyi ba.

Na buga waya. Minti arba'in ana kaɗa mini kiɗa,
sannan wani yaro, Kieran, mai muryar da ba ta gama nuna ba,
ya ce na shagon Wilf sun yi nisa, ƙofarsu ta rufe,
amma na Mama ana sayarwa,
kowace ɗaya wajen fam ɗari tara.
Na yi dariya har ya yi shiru.
Na ce, ɗana, shekarun nan na riga na biya su sau ɗaya.

Akwai gwangwanin biskit a bayan kabad,
kuɗin tukunyar ɗumama gida ne,
wadda take tari tun bara kamar tsohon mashayin taba.
Na zazzage shi a kan tebur.
'Yata Tamsin ta yi lissafi a bayan ambulan:
in na yi shekara uku ko huɗu ina karɓa, uwar kuɗi ta dawo,
abin da ya biyo baya riba ne.
Wato caca za mu buga, ni da ajali,
gwamnati na riƙe da kuɗin.

Mama ta kai casa'in da ɗaya, da taurin kai.
Baba ko saba'in bai gani ba.
Ban san jinin wa ya fi yawa a jikina ba.

Na sayi ɗaya. Ɗayar ta jira bazara.
Da babu gara ba daɗi.
Tukunyar ta ci gaba da tarinta,
na ƙara rigar sanyi a kan rigar sanyi,
na rubuta lambar da Kieran ya karanto mini, sha takwas cif,
da yatsun nan da kifi ya karkatar,
a hankali, kada in yi kuskure
in cike wa wata baƙuwa shekararta.